Kaurin wayar sifika: an bar jaki ana dukan taiki

Duk wanda ya taɓa kai akwatin sifika gyara ya san tambayar da ake fara yi da zarar an kwance murfin baya: wace waya za a sa? Amsar da ta fi yawo a tsakanin matasa masu haɗa sauti, daga Taba zuwa Hunkuyi, daga Makarfi zuwa Ikara, ita ce a sa mai kauri, wai ita ke fito da bes. Sai ka ga an cusa wa akwatin da tsawonsa bai kai mita ɗaya ba waya mai kaurin ɗan yatsa. Ranar biki kuma a ɗauki wannan akwati a kai fili, a jona shi da amfilifaya ta wata 'yar siririyar waya mai tsawon mita 30 da aka yi wa ɗauri uku.

A ra'ayina wannan ɓarnar kuɗi ce. A cikin akwati, waya mai 1.5mm ta jan ƙarfe na gaske ta isa kusan kowane aiki, 2.5mm kuma ta isa manyan akwatunan bes. Kuɗin da ya saura a kashe shi a wurare uku da suka fi cin sauti: doguwar wayar da ke tsakanin amfilifaya da akwati, ingancin ƙarfen da ke cikin robar, da kuma yadda aka yi haɗin. Zan kawo lissafin a fili yadda mai karatu zai iya bin sa da kalkuletar da ke cikin salularsa. Don kada a rikice, duk inda na ce waya ina nufin ta lantarki, ta hannunka kuwa zan kira ta salula.

Ka riga ka san matsalar daga kebul ɗin caji

Kowane mai salula ya taɓa gamuwa da kebul ɗin da ke caji kamar hawainiya, alhali kan cajar lafiyarsa ƙalau. Sau da yawa laifin na siririn ƙarfen da ke cikin kebul ɗin ne. Kowace waya tana yi wa lantarki turjiya, ana auna wannan turjiya da om. Idan waya ta ƙara tsawo turjiyar ta ƙaru, idan ta ƙara kauri turjiyar ta ragu. Kebul mai mita ɗaya da aka yi da waya lamba 28 yana da turjiyar kusan om 0.43 idan aka haɗa zuwa da dawowa. Salular da ke jan amfiya 2 za ta rasa kusan bolt 0.85 daga cikin bolt 5 tun a hanya. Wanda aka yi da lamba 24 kuwa kusan bolt 0.34 kawai yake ci. Wannan doka ce dai ke aiki a kan sifika, sai dai a can asarar ta fi tsada, domin ana biyan ta da man janareto da kuma ƙonewar kaya.

Lambobin da ke rikita mutane

Ma'auni biyu ne ke yawo a kasuwanninmu. Na farko shi ne AWG, wanda ya samo asali a Amurka a 1857 daga kamfanin Brown & Sharpe. Shi ne za ka gani a bidiyoyin YouTube da jikin wayoyin sautin mota. Abin da ke rikitarwa a cikinsa shi ne lamba tana hawa waya tana sirancewa: lamba 18 ta fi lamba 12 siranta nesa ba kusa ba. Na biyu shi ne wanda masu wayarin gida suka saba da shi, wato 1.5mm, 2.5mm, 4mm. Wannan yana faɗin girman fuskar ƙarfen ne idan an yanke wayar, ba kaurin robar da ke waje ba.

Ga yadda suke haɗuwa:

Lamba 18 tana daidai da kusan 0.8mm
Lamba 16 tana daidai da kusan 1.3mm
Lamba 14 tana daidai da kusan 2.1mm
Lamba 12 tana daidai da kusan 3.3mm
Lamba 10 tana daidai da kusan 5.3mm

Shawarata ita ce mu riƙa magana da milimita, tunda da shi ake ciniki a Sabon Garin Zariya da Sabon Garin Kano, inda mafi yawan masu gyara na wannan yanki ke saro kaya. Lissafinsa ma ya fi sauƙi. Raba 0.0175 da girman wayar, abin da ya fito shi ne turjiyar mita ɗaya ta jan ƙarfe. Sai ka ninka da tsawon, ka sake ninkawa biyu, domin lantarki yana tafiya ta sili ɗaya ya dawo ta ɗayan.

Lissafin cikin akwati

A ɗauka wayar da ta tashi daga mahaɗin bayan akwati zuwa wufa ta kai mita ɗaya, wanda ma da wuya ta kai. Idan 1.5mm ce, turjiyarta kusan om 0.023 ce. A kan sifika mai om 8, asarar ba ta wuce kashi 0.3 cikin 100 ba. Idan ka cire ta ka sa 4mm, turjiyar ta koma kusan om 0.009, asarar ta koma kashi 0.1. Ribar da ka ci da ƙarin kuɗinka ita ce kashi 0.2 cikin 100. Yawancin mutane ba sa lura da sauyin ƙarar sauti sai ya kai kusan desibel 1, wato sauyin ƙarfi na kusan kashi 20 cikin 100. Tsakanin 0.2 da 20 akwai ninki ɗari.

Sannan a duba inda wannan waya mai kauri take ƙarewa. Tana ƙarewa ne a kan kwayil ɗin sifika, wanda aka naɗa da siririyar waya mai tsawon mitoci masu yawa. A sifika mai om 8, kwayil ɗin kaɗai yana da turjiyar kusan om 6. Turjiyar jan ƙarfe tana ƙaruwa da kusan kashi 0.4 cikin 100 a duk digiri ɗaya na zafi. Idan kwayil ya ƙara zafi da digiri 100, abin da ke faruwa idan an daɗe ana dukan sifika a filin biki, turjiyarsa ta ƙaru da fiye da om 2. Wanda ya kashe kuɗi don ya rage om 0.014 a cikin akwati, ya kuma bar akwatin a rana tsaka yana gasuwa, bai san inda kuɗinsa ke tafiya ba.

Saura batun ko wayar za ta ɗauki wutar ba tare da ta yi zafi ba. Wat 500 a kan om 8 yana jan kusan amfiya 8. Waya mai laushi ta 1.5mm tana ɗaukar kusan amfiya 15. Wat 1,000 a kan om 4 yana jan kusan amfiya 16, a nan ne 2.5mm ta zama dole, kuma ta isa. Kiɗa ma ba ya jan wuta a miƙe kamar dutsen guga, yana hawa ne yana sauka. Tuwita da hon kuwa ƙaramin kaso suke samu daga ƙarfin, 1mm ta ishe su.

Inda sauti ke zubewa

Yanzu a fito waje. Bayan kaka, idan manoman rake da masara na Makarfi da Kudan sun kai kaya kasuwa, bukukuwa da walimomi suna yawaita, ga tarukan Mauludi da na wa'azi, ga na siyasa idan lokacinsu ya zo. Tsarin da aka fi gani shi ne a ajiye amfilifaya kusa da janareto ko a ƙarƙashin rumfar mai sauti, a ja waya zuwa ɗaya gefen filin, a jona akwati biyu a kanta.

Akwati biyu masu om 8 idan an jona su a jere da juna, jan da ja, baƙi da baƙi, sun zama om 4. A ce tsawon wayar mita 30 ne, kuma irin ja-da-baƙin nan ce ta 0.75mm. Turjiyarta om 1.4 ce. Daga kowane wat 100 da amfilifaya ya tura, wat 26 yana ƙarewa a matsayin zafi a jikin waya. Kuma tunda turjiyar ta hana amfilifaya tura duk abin da zai iya, abin da ke isa ga akwatunan kusan kashi 55 ne cikin 100 na abin da za su samu da a ce wayar gajera ce. Da 2.5mm aka ja, turjiyar om 0.42 ce, akwatunan su samu kusan kashi 82.

Asarar ba ta tsaya nan ba. Mai sauti ya ji ƙarar ba ta kai ba, sai ya ƙara murɗa amfilifaya har jan fitilar gargaɗi ta riƙa ƙyaftawa. Amfilifayan da aka matsa wa ya wuce iyakarsa yana fitar da gurɓataccen sauti mai kaifi, kuma wannan ne ke yawan kashe tuwita. Washegari a ce tuwitar jabu ce. Haka nan turjiyar doguwar waya tana rage riƙon da amfilifaya ke yi wa motsin wufa, bes ya riƙa fita a sake. Wato masu cewa kauri na gyara bes ba ƙarya suka yi gaba ɗaya ba, wurin da ya kamata a sa kaurin ne suka kuskure.

Ƙa'idar da masu aikin sauti suka daɗe suna bi ita ce kada turjiyar waya ta wuce kashi 5 cikin 100 na om ɗin sifika. Idan aka bi ta, ga iyakar tsawon da kowace waya ta jan ƙarfe za ta iya kaiwa:

0.75mm: mita 8 a kan om 8, mita 4 a kan om 4
1.5mm: mita 17 a kan om 8, mita 8 a kan om 4
2.5mm: mita 28 a kan om 8, mita 14 a kan om 4
4mm: mita 45 a kan om 8, mita 22 a kan om 4

Akwai dabarar da ta fi sayen waya araha: matsar da amfilifaya kusa da akwatunan. Siginar da ke fitowa daga mikisa ba ta jan wuta mai yawa, don haka kebul irin na makirfo mai baki uku zai iya ɗaukar ta mita 30 ba tare da matsala ba. A bar mikisa da salula a rumfa, amfilifaya ya zauna a gindin akwati, wayar sifika ta zama mita 3.

Jan ƙarfe ko shafe?

Duk lissafin da ke sama ya dogara ne a kan cewa abin da ke cikin robar jan ƙarfe ne. Da yawa daga cikin wayoyin sifika masu araha ba haka suke ba. Alminiyam ne aka lulluɓe da ɗan siririn jan ƙarfe, a jikin kwali wani lokaci akan rubuta CCA, wani lokaci kuma a yi shiru. Alminiyam yana wuce da kusan kashi 61 ne cikin 100 na lantarkin da jan ƙarfe mai girmansa zai wuce da shi. A misalinmu na mita 30, turjiyar za ta tashi daga om 1.4 zuwa kusan 2.2, abin da ke isa ga akwatunan ya faɗo zuwa kusan kashi 41. Akwai kuma wata dabarar: a kumbura roba, a rage ƙarfe, waya ta yi kama da 2.5mm a ido alhali cikinta bai kai 1mm ba.

A cikin akwati, illar alminiyam ba ta turjiya ba ce. Akwatin sifika wuri ne da ke girgiza ba hutu, sannan ana ɗora shi a kan babur ko a bayan a-kori-kura a bi da shi hanyoyin ƙauye. Alminiyam ba ya jure lanƙwasa kamar jan ƙarfe, silinsa suna karyewa ɗaya bayan ɗaya a bakin mahaɗi. Idan shafen ya goge, dalma ba ta kama shi da kyau. Da damina kuma laima tana sa bakin ya yi farin gari, haɗin ya riƙa yankewa. Sifikar da ke ɗaukewa tana dawowa idan an buge ta da hannu, sau da yawa nan ne ciwonta.

Gane ta ba ya buƙatar injiniya. Kankare sili ɗaya da reza: idan ciki ya fito fari, alminiyam ne. Idan waje ne fari ciki ja, wannan jan ƙarfe ne da aka shafa wa kuza, kuma mai kyau ne. Kunna ashana ko laita a ƙarƙashin silin: alminiyam yana narkewa a digiri 660, sai ka ga ya lanƙwashe ya zube, jan ƙarfe kuwa sai a digiri 1,085, zai yi baƙi ne kawai ya tsaya. Kara maganaɗisun tsohuwar sifika: idan ya ja wayar, baƙin ƙarfe ne aka shafe. Ɗaga naɗin ka ji nauyi, domin jan ƙarfe ya ninka alminiyam nauyi fiye da sau uku. Ƙirga sili: daidaitacciyar 1.5mm mai laushi tana zuwa da sili kusan 30 masu kaurin milimita 0.25, ta 2.5mm kuma kusan 50. Mai sayen naɗi guda ya murɗe bakin sili biyun a ƙarshe ɗaya ya auna ɗaya ƙarshen da mita: mita 100 na 1.5mm ya kamata ya nuna tsakanin om 2.3 da 2.7. Idan ya nuna 4, a mayar wa mai shago kayansa.

Akwai kamfanonin da ke yin waya a cikin Najeriya, irin su Cutix a Nnewi, Coleman a jihar Ogun da Nigerchin a Legas, kuma hukumar SON tana ba kayan gida da suka cika ƙa'ida shaidar MANCAP. Wayarsu mai laushi mai sili biyu, irin wadda ake sa wa fanka da dutsen guga, tana aikin sifika sarai. Lantarki bai san an rubuta hoton sifika a jikin kwali ba. Sai dai suna a jikin roba ba hujja ba ce, ana kwaikwayonsa, don haka reza da laita su ne alƙalai.

Abin da ke ƙona amfilifaya

Ban taɓa jin lissafin da ya nuna 1.5mm a cikin akwati ta ƙona amfilifaya ba. Abin da ke ƙona shi shi ne yadda aka jera sifikun. Biyu masu om 8, ja da ja, baƙi da baƙi, sun ba da om 4. Huɗu a haka sun ba da om 2, kuma amfilifaya da yawa ba a yi su don om 2 ba. Idan aka bi da su ɗaya bayan ɗaya, baƙin ta farko ya shiga jan ta biyu, biyu sun ba da om 16. Akwati mai sifika huɗu, a haɗa bibbiyu ɗaya bayan ɗaya, sannan a jera rukunin biyu, a dawo om 8. Kafin a rufe murfi a ɗora mita a bakin mahaɗi. Haɗin om 8 zai nuna wajen 5.5 zuwa 7, na om 4 wajen 3. Idan ka ga ƙasa da 2, kada ka jona.

Na biyu shi ne juya baki. Idan wufa biyu na cikin akwati ɗaya, aka juya wa ɗaya ja da baƙi, ɗaya za ta riƙa turo iska yayin da ɗayar ke janyewa, bes ya kashe kansa. Wannan kuskure na minti ɗaya yana cin bes fiye da duk abin da siririyar waya za ta ci. Gwajinsa batirin tocila ne mai bolt 1.5: taɓa kan batirin a jan baki, gindinsa a baƙi, takardar wufa ta turo waje. Duk wufofin su turo tare. Kada a yi wannan gwaji a kan tuwita.

Na uku shi ne ɗauri. Murɗa waya da hannu a naɗe da salatif ba haɗi ba ne a wurin da ke girgiza. A liƙa da dalma, ko a matse da ɗan maƙalin ƙarfe da ya dace da bakin sifikar. A ɗaure wayar a jikin katako don kada ta riƙa dukan takardar wufa. A toshe ramin da ta bi ta fita, domin iskar da ke tsiyaya ta nan tana fito da shewa. Bayan an gama, saukar da manhajar da ke fitar da sauti gwaji a salula, irinsu suna da yawa kyauta a Play Store, ka bi daga hez 40 zuwa 200 a hankali da ƙaramar murya. Duk abin da ke kaɗawa a ciki zai tona kansa.

Lasifikar masallaci da akwatin batir

Wurare biyu ne lissafin ke sauya fuska, kuma dukansu sun shafi garuruwanmu.

Na farko masallaci. Amfilifaya tana kusa da mihrabi, hon suna kan hasumiya ko kan dogon ƙarfe, tsakaninsu mita 50 ko fiye. Hon huɗu masu om 16 a jere sun zama om 4. Mita 50 na 0.75mm yana da turjiyar om 2.3, wato fiye da kashi ɗaya cikin uku na abin da amfilifaya ya tura yana ƙarewa a waya. Maganin ba sayen 4mm da kuɗin jama'a ba ne. A duba bayan amfilifayar. Da yawa daga cikin na Ahuja da TOA suna da bakin da aka rubuta 100V. Idan kowane hon yana da 'yar taransifomarsa, hon mai wat 30 yana zama kamar om 333 a kan layin, huɗu su zama kusan om 83, asarar wannan siririyar waya ta koma ƙasa da kashi 3 cikin 100. Sharaɗi biyu: kada a jona sifikar da ba ta da taransifoma a bakin 100V, kuma a rufe duk wani ɗauri da kyau domin layin yana iya jan mutum.

Na biyu akwatin da matasa ke haɗawa da kansu: allon amfilifaya mai Bluetooth, batir mai bolt 12, wani lokaci da faifan sola. A nan mutane suna damuwa da wayar sifika su manta da ta batir, alhali ita ce mai haɗari. Allon da ke aiki kai tsaye da bolt 12 ba ya iya ba sifika mai om 4 fiye da kusan wat 18 na tsaftataccen sauti, ko da an rubuta 5000W a kwali. Ko guntun TPA3116 da ke cikin da yawa daga waɗannan alluna, kamfanin Texas Instruments ya ce wat 50 yake bayarwa a kowane gefe, kuma sai an ba shi bolt 21. Wannan bai kai amfiya 4 ba, 1mm ta ishe shi. Amma wanda ya sa amfilifayar mota mai jan wat 240 daga batir, amfiya 20 ke bi ta wayar batirin. Mita 2 na 0.75mm a wannan hali zai ci kusan bolt 2, ya riƙa fitar da zafin kusan wat 37 a cikin akwatin katako mai soso. Nan ne wurin 4mm. Kuma dole a sa fiyus dab da jan kan batir, domin batirin mota yana iya tura ɗaruruwan amfiya idan wayoyi suka haɗu. Akwatin da ke kwana a ɗaki ɗaya da mutane bai kamata ya rasa fiyus ba.

Abin da masu ja da wannan ra'ayi ke cewa

Wani zai ce kauri ai ba ya cutarwa. A fannin lantarki haka ne. Amma bakin sifika ɗan ƙaramin ƙarfe ne a kan ɗan allo, waya mai nauyi da tauri tana jijjiga shi har ya tsage. Liƙa 4mm yana buƙatar zafi mai yawa, wanda ke iya sake dalmar siririyar igiyar da ke shiga kwayil. Mai gyara da yawa idan waya ta ƙi shiga rami sai ya yanke rabin silin, ka biya kuɗin 4mm ka samu 2mm a daidai inda ya fi muhimmanci.

Wani zai ce jan ƙarfe ya yi tsada, mai ƙaramin ƙarfi fa? Wannan magana ce mai nauyi, kuma amsarta tana cikin lissafin. Cikin akwati mita 2 ko 3 kawai ake buƙata, kowa zai iya sayen na gaske. A waje, idan alminiyam ne kaɗai aljihu ya kai, a hau mataki ɗaya: 2.5mm a madadin 1.5mm, 4mm a madadin 2.5mm, a riƙa duba bakunan. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne a sayar maka da alminiyam a kuɗin jan ƙarfe.

Wani kuma zai ce shi kunnensa ya ji bambanci da aka sauya wayar ciki. Mai yiwuwa ya ji. Amma lokacin sauya wayar an kankare tsatsa, an sake dalma, an ɗaure kusoshi, wataƙila ma an gyara bakin da aka juya. Waɗannan ne suka yi aikin. Ko a Turai da Amurka ana wannan gardama. A 2007 James Randi ya sa dala miliyan 1 ga wanda zai iya bambance wata wayar sifika ta dala 7,250 da mai rahusa ta hanyar ji kawai, ba tare da ya ga wadda aka jona ba. Ba a kai ga yin gwajin ba, kuɗin kuma ba wanda ya karɓa. Kai ma za ka iya naka: abokinka ya riƙa sauya wayar a bayan labule sau goma, kai kana rubuta wadda kake zato.

Abin da ya kamata ya sauya

Masu haɗa akwati da masu gyara a Ikara, Makarfi da Kudan suna da basira, da yawansu da kallo da tambaya suka koyi aikin. Abin da ya rage shi ne a mayar da aikin na awo. Duk akwatin da ya fita daga shago a rubuta a bayansa da maka: om nawa ne, wat nawa yake ɗauka, wace waya ke ciki. Mai haya da ya zo jona akwati na uku zai san abin da yake yi wa amfilifayarsa. Kwamitin masallacin da zai sayi kayan sauti ya auna nisan hasumiya kafin ya tura a yi sayayya. Kai kuma mai kai gyara, tambayoyinka huɗu ne: milimita nawa ce, a kankare mini sili in gani, om nawa mita ta nuna, sannan nawa ne tsawon wayar da za ta kai ga amfilifaya. Mai gyaran da ya san aikinsa ba zai ji haushin waɗannan tambayoyi ba, zai ma ɗauko mitar da kansa.